Idon da Aka Gyara wa Inna

Jiya na tsinci baƙin tabarau na Inna, kakata, a ƙasan adakarta. Shi take sawa bayan an cire mata yanar ido a Parakou, an dasa mata ɗan gilashi.

Lokacin, hasken rana yana sa ta hawaye. Kawu ya ce, “Inna, ki zauna nan Parakou, a unguwar Ganou, ki haƙura da rumfar goronki ta Djougou.”

Ta sa na juye ɗanyen goro a faifai, ta tsince masu sankara, ta tura masa sauran.

Ta ce, “Duba ko na bar ɗaya. Ido suka gyara, ba ƙafa suka yanke ba.”

Likita na sallamarta, ta koma rumfarta. Allah ya jiƙan ki, Inna, ya ba mu ko rabin taurin kanki.