Nonon Inna da Ayar Kakata

Shekaranjiya ina bisa babur ɗin kabu-kabu za ni asibiti, munka ratsa bayan babbar kasuwar Malanville, wajen masu injin markaɗe. Wata mata tana zuba jiƙaƙƙiyar aya a bakin inji. Ƙamshin nan, mai kama da na rairayi bayan yayyafi, ya bi ni har bencin jira. Jikina yana nan zaune, amma ni ina can ƙauyenmu Garou, kwance bisa tabarma ƙarƙashin mangwaron kakata.

Shekarar da na yi ƙyanda ke nan. Ban san shekaruna ba, na dai san haƙoran gabana sun faɗi. Ciwon ya wuce ya bar ni kamar karan gero, ko butar alwala ba ni iya ɗagawa. An gama girbi, ruwan kogin Kwara yana kwance cikin fadama yana walƙiya. Ina yini ina kallon balbelu suna giftawa, tsakanin barci da farke, har wani lokaci in ga kamar tabarmar ce ke tafiya da ni bisa ruwa.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana, ƙawar kakata tun suna 'yan mata, wadda duk yaran gidan muke kira Inna. Kowace shekara bayan girbi, shanunsu ke sauka gonar kakana su ci kara su bar taki. Da safe takan shigo da ƙwarya bisa kai, ba sallama mai tsawo, ta zauna gindin murhu su yi ta hira, rabi yaren Dendi rabi Hausa. Hannuwanta ƙamshin man shanu da hayaƙi suke yi.

Babana masunci ne, ya yi imani babu abin da ke tada kwantacce kamar madarar da anka tatso yanzu. Inna ta riƙa kawo ta da ɗuminta. Ni kuwa ina son ta, amma da na sha sai cikina ya kama ƙugi, in kwana ina zawo. Ina ƙara ramewa, babana yana cewa a ƙara mini. Na ji uwata tana kuka bayan rumbu, na gane ana tsoron ba zan tashi ba.

Kakata ba ta yi gardama da ɗanta ba. Ta ɗebo aya daga tulu, ta jiƙa, ta daka da dabino da ɗan citta, ta tace da farin ƙyalle. Har yanzu ina ganin ruwan nan fari fat yana tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Na sha, na yi barci, cikina bai ce komai ba. Ta ce wa uwata kada a sake ba ni madara.

Maganar ta kai ruga, an ce an ce nonon Inna ne ke kashe yarinya. Inna ta daina zuwa. Gidan ya yi shiru da safe. Kakata takan share wajen da ƙawarta ke zama, ta yi ta duban ƙofa. Zawo ya tsaya, amma ƙarfi bai dawo ba. Kunun aya yana da daɗi, sai dai ba ya riƙe ciki, kuma kafin la'asar ya yi tsami.

Wata safiya sai ga Inna, fuska ba walwala. Ta ɗauki ludayi ta ɗanɗana abin da ake ba ni, ta jima tana juya shi a baki.

"Ƙawa, wannan ya kwantar da ciki, ban musa ba," in ji ta. "Amma ba shi yin ƙashi. Dubi ƙafafunta."

"Naki kuwa ba shi zama cikinta," in ji kakata.

"Ɗanye kunka ba ta. Bari ya kwana."

Inna ta buɗe faifan ƙwaryarta, ga kindirmo ya kama, mai ɗan tsami. Ta ba ni ludayi guda da hannunta, ta zauna tana kallona har rana ta take. Bai tada mini ciki ba. Daga ranar tsofaffin nan biyu sunka raba ni tsakaninsu: aya da safe, kindirmo da maraice, wani lokaci da ɗan kunun gyaɗa. Kowace tana cewa nata ne ke aiki. Kafin ruwa ya janye daga fadama, na taka da ƙafafuna har gonar kakana. A can na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: jigawar da kakata ke shuka ayarta, nan ne daidai inda shanun Inna ke kwana.

Shekaru kaɗan bayan haka anka mai da fadamar gonakin shinkafa, albasa ta cinye sauran. Hanyar da shanu ke bi su sha ruwa ta toshe. Rugar ta tashi, Inna ta zo ban kwana, sunka riƙe hannun juna da kakata. Ba mu sake jin labarinta ba. Kakana ya fara sayen taki na buhu, ayar ma ta daina yin girma kamar da.

Yau ɗiyata ke yin madarar waken soya, tana sawa firigo ta yi sanyi, tana saidawa kusa da tashar Gaya. Ta yi boko, takan ce mini shanu suna cin ƙasa da ruwa fiye da wake, iskar da ke fita cikinsu tana ƙara wa duniya zafi, kuma soya ta fi aya gina jiki. Lokotoron asibiti ma ya ce in rage man shanu saboda hawan jini. Ina shan tata, tana yi mini daɗi, ban ƙaryata ta ba. Sai dai nakan ce mata shanun da take karantawa ba su na sani ba. Waɗanda na sani kara suke ci, su biya gona da taki, su wuce. Ta ce ai ba su ke cika gwangwanin madarar gari da ake jibgewa a kasuwa ba. Nan ma ta yi gaskiya.

Jikana, ɗanta, bai taɓa ganin ana tatsa ba. Kwanan baya ya ga hoton saniya jikin gwangwani, ya dube ni da gaske ya ce, "Kaka, ita ma jiƙa ta ake a markaɗa?"

Na yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya. Na tambayi mai kabu-kabun unguwarmu inda ruga mafi kusa take. Ya ce akwai wata gaba da Madécali, in ba su tashi ba. Na ce ya shirya mu ukun, ni da shi da jikana, da sassafe, kafin a saki maruƙa a fara tatsa.