Bijiman Kawu a Tsakiyar Gurara

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Hashimi a Suleja, ni da taubashina, kowa zuciyarsa ba daɗi. Kwana uku ke nan bijiman noman Kawu guda biyu sun ɓace a ƙauyensu da ke bayan Izom. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, samarin ƙauyen sun ɗora laifin a kan Fulanin wata ruga da ke kusa, har sun ce in la'asar ta yi ba a ga shanun ba, za su je musu da sanduna.

Kafin mu nufi tasha muka ƙwanƙwasa wa maƙwabcina ƙofa, wani ɗan kudu mai sayar da kayan gwanjo, don na taɓa ganin madubin hangen nesa cikin kayansa. Ya fito da asuwaki a baki, ya ji abin da ke tafe da mu, ya koma ya kawo guda biyu. Taubashina ya cafke babban, mai rubutun 20x50, wai babban goro sai magogin ƙarfe.

"Oga, wannan zai ba ka ciwon kai," in ji mutumin da Hausarsa mai gardi. "Lambar farko, sau nawa yake jawo abu kusa. Ta biyu, faɗin gilashin gaba, inda haske ke shiga. Mai ashirin sai an ɗora shi a kan ƙarfe mai ƙafa uku, kuma wuri kaɗan yake nunawa. Ku neman saniya za ku, ku ɗauki mai takwas."

Muka gwada a kan tankin ruwan ƙarshen layi. Da babban, tankin sai rawa yake kamar an buga masa kalangu. Da mai 8x42 kuwa, duk da gari bai gama wayewa ba, har hankakan da ke kansa na gani tsaf. Ya nuna mini yadda ake lanƙwasa shi har da'ira biyu su zama ɗaya, da yadda ake murza ƙaramar tayar tsakiya sai hoton ya fito. Shi muka saya.

Hanyar Izom dai sai haƙuri. Ramuka cike da ruwan sama, tankokin mai sun yi jerin gwano, kuɗin mota kuma ya ɗaga tun zuwana na bara. Mu huɗu aka cusa a baya, har da wata malamar makaranta da ta rungume buhun gari kamar jariri. A bakin hanya matan Gwari na wucewa da kayan itace a kafaɗa. A Izom muka karya da soyayyar doya da yaji mai sa hawaye, sannan muka hau acaɓa.

Mun tarar da Kawu ya faɗa, idonsa jajawur. Arɗon rugar na zaune kusa da shi, ya zo da ƙafarsa ya rantse ba su ga shanun ba, samari kuwa na tsaye nesa suna harararsa. Na roƙi Kawu da Arɗo muka hau dutsen da ke bayan gari, inda ake hangen kogin Gurara.

Na fi sa'a guda ina bin fadama da ido, gona bayan gona. Sau biyu farin dutse yana ruɗa ni. Wuyana ya ƙage, rana ta take. Har na fara karaya sai na ga balbelu sun tashi daga wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogi. Na murza tayar a hankali. Ga tozo fari, ga wutsiya tana korar ƙuda.

"Kawu, ga su can!"

Ya karɓi madubin, ya kafa shi a juye, ya ce shi duniyar ma ta ƙara yi masa nisa. Da na gyara masa sai ya hango su, ya ce, "Alhamdu lillahi. Arɗo, ka yafe mana."

Ashe bijiman sun tsallaka ne ruwa yana ƙasa, aka yi ruwa a sama kogi ya cika ya tare su. Makiyayan rugar nan su suka shiga ruwa da igiya suka fito da su, samarin gari na ja daga gaɓa. Da yamma aka kawo mana fura da nono daga ruga, muka sha har da masu sandunan.

Mun shigo Suleja ana kiran magariba, jiki duk ciwo amma zuciya wasai. A tafiyar nan na koyi cewa kayan aiki ba a girmansa ake zaɓa ba, sai an san aikin da zai yi, an kuma gwada shi kafin a saya. Na kuma ga yadda saura ƙiris a zubar da jinin mutanen da ba su ji ba su gani ba, a kan shanun da ke can suna cin ciyawa abinsu.