Baba Yakubu Tela da Sunan Ƙanwarsa Rahila

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka rufe Baba Yakubu a maƙabartar Yahudawa ta Greensboro. Na ce "muka" ne don in shiga sahun manya. Gaskiyar magana a gefe na rakuɓe da hular da na zo da ita daga Haɗeja, har sai da wani tsoho ya miƙo mini shebur, na zuba tawa ƙasar kamar yadda kowa ya zuba. Masu karatu ku yi haƙuri da alƙalamina. Daga aji uku na ce wa boko sai wata rana, shi ma bai biyo ni ba.

Ni Bala ne, Bala mai guga. Wani malamin jami'a ya zo da ni Amurka in riƙa yi masa girki yana karatun digiri. Shi ya koma gida da digirinsa, ni na zauna da dutsen guga. Baba Yakubu ne ya ɗauke ni aiki a shagonsa na ɗinki a kan High Point Road, titin da yanzu aka sauya wa suna zuwa Gate City Boulevard, wai don ya yi kama da titin birni. Bayahude ne daga Rasha, ya tsere yana saurayi bayan babban yaƙi. Mu muka laƙaba masa Yakubu, don ainihin sunan nasa harshena bai taɓa hawansa ba tare da ya zame ba. Gajere ne, mai sanƙo, kullum da tef a wuya da fil a baki. Ga faɗa. Idan ka goge wando karin ya karkace, zai ɗaga shi sama ya tambaye ka ko mai wandon gurgu ne.

A wancan zamanin Hausawan garin ba mu cika tabarma biyu ba, kuma babu mahaucin Musulmi ko na magani. Ta hannun Baba muke samun nama. Mutanensu na sayo yankansu daga wani gari mai nisa, malamanmu kuma suka ce yankan Ahlul Kitabi ya halatta. Ni ke rarraba wa ɗalibai gida gida. Malam Habibu, wanda ke karanta siyasar duniya kuma yake ja mana salla, zai karɓi nasa ƙunshin, ya juya shi ya ga tsokar ta yi, sannan ya zaunar da ni ya karanta mini laifin Isra'ila tun daga tushe. Da ya gama sai ya ce, "Ka ce wa Baba hanta ta yi kaɗan wannan karon."

Baba yana da ƙanwa a Rasha, Rahila. Ta nemi izinin fita aka hana ta, aka kuma raba ta da aikinta na koyarwa don ta nema. Haka ake yi wa Yahudawan can a lokacin. Tun daga nan wasiƙunsa ba sa isa, nata ba sa zuwa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma bai san ko tana sane da cewa yana nan da rai ba. Kowace Lahadi bayan azahar yakan manna hotonta a kwalin riga ya tsaya a gaban gidan waya tare da wasu tsofaffi, suna roƙon gwamnatin Amurka ta matsa wa Rasha. Ni kuma ina raka shi. Ban san siyasa ba. Abin da na sani, a garinmu ba a barin dattijo ya tsaya a titi shi kaɗai. Wata rana wasu samari suka wuce a mota suka zage mu, shi don Bayahude ne, ni don baƙi ne. Baba ya ce sun yi tattalin mai, zagi biyu a tafiya ɗaya.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Damina ɗaya Isra'ila ta shiga yaƙi a Lebanon, talabijin ta cika da gidajen da aka rusa da matan Falasɗinawa suna gudu da goyo. Na zo shago ido jajawur na ce masa gwamnatinsu na kashe yara. Ya cire fil daga baki ya ce, "Wace gwamnatin tawa? Wadda ke cin harajina ita ke cin naka." Amma bai tsaya nan ba. Ya ce ni ban san abin da ake nufi da a wayi gari duniya ba ta da ƙofa ɗaya da za ta buɗe maka ba, kuma ƙasar nan da nake zagi ita ce ƙofar da ta rage musu idan aka sake kunna wuta. Na ce to wanda aka kora daga bayan ƙofar fa, shi ina tasa? Muka yi ta yi har rigar wani lauya ta ƙone a hannuna.

Ƙasarmu Najeriya a lokacin ba ta da hulɗar jakadanci da Isra'ila. Na ce ni ma ɗan ƙasa ne mai biyayya, na yanke tawa. Ina zuwa aiki, ina guga, ba na magana. Rakiyar Lahadi na daina. Malam Habibu ya yaba mini, ya ce na fara wayewa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to ni ne zomon. Masu jiragen yaƙi suna can ba su san da ni ba, ni ina nan ina gaba da tsohon da ke raba burodinsa biyu ya ajiye mini rabi a gefen keken ɗinki ba tare da ya kalle ni ba. Ina ci kuwa. Gaba daban, yunwa daban.

Ana cikin wannan na kai kaya wani gida a Irving Park, unguwar masu hannu da shuni, inda ciyawar ƙofar gida ta fi kan wasunmu samun aski. Mai gidan attajirin masaƙa ne, Baba ke yi masa ɗinki. A kicin mai dafa musu abinci ta tsegunta mini cewa ranar Asabar za a yi wa wani ɗan majalisar tarayya walimar rana a gidan, kuma ɗan majalisar na shirin zuwa Rasha da tawaga. An ce irin waɗannan tawagogi kan ambaci sunayen waɗanda aka hana fita a gaban manyan can. Na san Baba ya sha neman ganin mutumin nan, kullum sakatare ke sallamarsa a waya. Walima kuwa ta masu kuɗi ce, ba a gayyatar tela.

Ba a gayyatarsa, amma ana kiransa. Sabon kwat ɗin da attajirin zai sa ranar yana rataye a shagonmu. Da na gama gogewa na ɗauki reza na bi kalmasar ƙafar wando ɗaya ta ciki, na tsinke zaren nan da can, na danne da guga ya kwanta lafiya lau kamar ba a taɓa ba. Duk wanda ya zura ƙafa a ciki, sai ta zubo. Allah Ya yafe mini, a duk ayyukan hannuna babu wanda ya kai wannan kyau.

Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Daga inda nake ina jin ihun attajirin. Baba ya ajiye kan wayar, ya dube ni tsawon lokaci, don ya san ɗinkinsa ba ya zubewa. Na ɗauko mabuɗin mota da akwatin allura. A hanya ne na buɗe baki karo na farko cikin makonni, na gaya wa gilashin mota wanda zai ci abinci a gidan. Baba ya sa aka koma ya ɗauko hoton Rahila.

Ta ƙofar kicin aka shigar da mu. Baba ya durƙusa a gaban attajiri yana kalmashe wando a jikinsa, yana jan aikin kamar mai saƙar tabarma, har baƙo ya iso ya leƙo ɗakin yana raha. Dogo ne, mai haƙora kamar na talla. Baba bai tashi ba. Daga durƙushen ya zaro hoton ya ɗaga, ya faɗi sunanta da garinsu da abin da aka yi mata. Ɗan majalisa ya sunkuya ya karɓa, ya sa sakatarensa ya rubuta, ya ce gwamnatinsu ba za ta yi shiru ana zaluntar mutane saboda addininsu a ko'ina a duniya ba.

A nan ya kamata in riƙe akwatin allura in yi shiru. Amma "ko'ina a duniya" ɗin nan ya tsaya mini a rai, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Yallabai," na shiga zuba Turancina na kasuwa, wanda ko ni ba kullum nake gane shi ba. Mutumin ya yi murmushi ya tambayi attajiri me nake cewa. Attajiri ya ce ba komai, gaisuwa ce irin ta mutanen Afirka. Da an bar ta a haka, da an rabu lafiya.

Baba ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "Ba gaisuwa ba ce. Cewa yake, yaran da ake jefa wa bam a Lebanon da makaman da kuke bayarwa, su wa zai kai sunansu?"

Murmushin ya tsaya a fuskar ɗan majalisa kamar rigar da aka manta a igiya. Ya ce lamari ne mai sarƙaƙiya, ana dubawa, ya fita. Attajiri ya nuna mana ƙofar da muka shigo, kuma daga ranar ko maɓalli bai sake kawo mana ba.

A mota na shiga lissafin ɓarnar da na yi. Mutum ya yi shekaru yana jiran wannan damar, na samo masa ita da hannun dama na kifar da ita da hagu. Na ce, Baba, me ya sa ka fassara? Ka yarda da ni ke nan? Ya ce ko kusa, har gobe ina kan kuskure. "Amma tambaya ka yi, kuma da mugun Turanci ka yi ta. Kaya ba ya fita daga hannuna da mugun ɗinki." Sai ya ɗora da cewa a cikin albashina zai cire kuɗin zaren. Kafin mu isa shago mun koma gardamarmu daga inda muka tsaya, kuma ba mu sauke ta ba har ya kwanta ciwon ajali. Lahadin da ta biyo na koma rakiya. Malam Habibu ya ce wayewar tawa ba ta yi ƙarko ba.

Yau shagon ya zama kantin kayan abinci, ana sayar da garin rogo da daddawa da naman halal. Jikokina suna amsa mini Hausa da Turanci. Ina jin labarai a waya: gwamnatoci na naɗa manzanni na musamman don yaƙi da ƙin jinin Yahudawa, ana tsaron majami'unsu da bindiga, Gaza kuma ta zama kufai. Sai in ce da Baba na nan me zai ce? Ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce zai dawo layina ba. Na san zai ji tsoro idan ya ga an kai wa majami'a hari, tsoron da ni ban gada ba. Na san za mu yi faɗan da ya fi na da. Amma ina jin ba zai iya kallon hoton yaro a ƙarƙashin gini ya ce lamari ne mai sarƙaƙiya ba, don ya san yadda kalmar ke sauka a kunnen mai riƙe da hoto. Da gwiwar nan tawa mai ƙara nake zuwa taron goyon bayan Falasɗinawa, kuma idan wani saurayi ya ɗauki zagi ya haɗa kowane Bayahude a ciki, nakan ja shi ta bayan riga. Wasu su ce tsoho ya ruɗe. Ba ruɗewa ba ce, na ci rabin burodin mutum ina gaba da shi.

Baba ya rasu bai san makomar sunan ba, kuma bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sai bayan ƙasa ta rufe shi Rasha ta buɗe ƙofa. Rahila ta biyo ta Greensboro kafin ta wuce Isra'ila, tsohuwa ƙanƙanuwa mai irin hancinsa. Ni na ɗauko ta a filin jirgi tare da wata mata mai yi mana tafinta, na kai ta kabarin. Ta ɗora ɗan dutse a kai kamar yadda suke yi. A nan ta ba mu labarin cewa wata shekara jami'an tsaro sun kira ta ofis, suka yini suna tambayarta wane babban mutum ta sani a Amurka, da har baƙi ke ambaton sunanta a gaban shugabanni. Ta ce musu ba ta da kowa sai tela. Ba su bar ta ta fita ba. Amma ta ce da ƙafa ta koma gida a ranar tana dariya ita kaɗai a titi, don ta gane wanta na da rai, kuma bai daina faɗa da mutane ba.

Na jira suka yi gaba, na tsuguna na gaya masa da Hausa, tunda yanzu ba ya buƙatar tafinta: Baba, sunan ya isa.

Wanda ya rage a hanya shi ne nawa saƙon. Har yau ina yin tambayar, da Turancin nan dai, kuma babu wanda ke miƙewa ya gyara mini ita.