Na Saci Muryar Samad

Ni ɗan Wad Haddad ne, kuma da sana'ata ta halal. Mawaƙan biki nake ɗauka a kwamfuta. Mai murya kamar ƙofar langa-langa ma sai in gyara ta har uwarsa ta kasa gane shi. Daga nan wasa ya shigo. In ɗaga muryata ta koma ta budurwa, in sauke ta ta koma ta tsoho, abokai na ta dariya.

A wajenmu ruwan noma bi da bi ne, kuma samad, wato shugaban manoman da ke kan layin ruwa ɗaya, shi ke faɗin mai bi. Namu Baba Hamidu ne. Bai iya rubutu ba, sai ya yi magana a waya a tura wa kowa. Abin da ya faɗa ya zauna.

Rannan wani mai babbar hawasha, wato gonar ban-ruwa, ya same ni, ya ce, "Ya zol," wato kai mutumina, "ka iya muryar samad?"

Na ce, "Har tarinsa."

Na sauke murya, na sa mata dishi-dishi, na ce an ɗage ruwan wata manomiya, Inna Hajjo, a buɗe wa mai hawashar nan, na tura wa kowa. Dawarta na fidda kai a lokacin. Ba ta tambayi kowa ba, ta ce, "Tunda Hamidu ya ce, shi ke nan." Dawa ta bushe a tsaye, ga marayu a gidanta.

Aka yi wa tsoho ca. Ya rantse bai faɗa ba, aka kunna masa saƙon a gaban jama'a, aka tsige shi. Ƙarar injin niƙan maƙwabcina da ta shiga bayan maganar ce ta tona ni. Na tafi kurkuku. Wanda ya sa ni kuwa ko ofishin 'yan sanda bai taka ba, yana nan a sahun gaba a masallaci. Wannan har yau yana ƙona mini rai.

Da na fito na je na durƙusa. Baba Hamidu ya ce, "Na yafe, ɗana. Je ka wurin Hajjo." Na je, ita ba ta ko ɗago kai ba, kuma da gaskiyarta.

Ku samari masu kwaikwayon dattawa a waya kuna ƙyaƙyata dariya, wallahi haushinku nake ji, ku bari. An mayar wa Baba Hamidu matsayinsa, amma ba mai yarda da muryarsa a waya kuma. Ku fita bakin ruwa da rana tsaka, za ku gan shi da sanda yana bin gona gona da ƙafa, don a ga bakinsa yana faɗa.