Marafan Malama Liya

Shekara goma sha huɗu Malama Liya tana riƙe da aji ɗaya a wata firamare ta Samaru, kuma ba ta taɓa neman a ɗaga ta ba. Kullum da safe sai ta duba farce da kai, a yi addu'a, a kira suna, a yi waƙa har masu kukan uwa su manta. Sannan ta sauko da gwangwaninta na madara, cike da marafan kwalbar lemo. Duk Asabar take hawa bas zuwa PZ ta tsinto su a bakin shaguna, masu shago na yi mata dariya. Da su yaranta ke kasuwa, da su suke ƙidaya.

A 2005 aka kawo sabon hedimasta, Mista Martins, mutumin da ya ɗauka shiru shi ne ilimi. Ya leƙo ajin, ya tarar da yara zube a ƙasa suna sayar wa juna tumatir na ƙarya.

"Malama, makaranta ce nan ko bola?"

"Lissafi muke yi, ranka ya daɗe."

Ya nuna Sharon, 'yar wani mai gadi a jami'a, yarinyar da ko atishawa aka yi da ƙarfi sai ta firgita. Ya ce ta ƙirga zuwa ashirin. Ta kai huɗu ta daskare. Ya ce in Juma'a ta zo ba ta iya ba, za ta maimaita aji. Ya sunkuci gwangwanin ya fita da shi, wai shara ce.

Ran Liya ya ɓaci ƙwarai. Ta san Sharon ta kai goma sha tara, amma sai da marfi a hannunta. Ta gwada tsakuwa, yarinyar ta ƙi taɓawa. Ta gwada alli a allo, sai hawaye. Kwana uku Liya tana cin tuwo ba ta jin ɗanɗanonsa.

Ranar Juma'a da aka tashi tara, ta nufi ofis don ta roƙi gwangwaninta. Ta tura ƙofa ba sallama, don haushi ya riga ladabi isowa. Ga Mista Martins da reza a hannu, marafan baje a tebur, yana ɓare robar cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ashe kamfanin lemo ne ke gasa, wanda ya samu hoto a ƙarƙashin marfi ya ci talabijin. Sharar da ya ƙyamata ita yake tona kamar kaza.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji Liya. "An dace?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta koma aji ta kamo hannun Sharon, ta tsayar da ita gaban teburin.

"'Yata, marafanki ne. Kwashe ki mayar gwangwani, kina faɗa."

Yarinyar ta miƙa hannu ta fara kwasa. Ɗaya. Biyu. Kowane marfi ya faɗa da ƙara. Ta wuce huɗu, ta wuce goma, muryarta na ƙara fitowa. A goma sha tara ta tsaya, don marafan da ke gabanta sun ƙare, sauran suna can ƙarƙashin gwiwar hannun hedimasta. Ta ɗaga kai ta dubi wanda ke tsakanin yatsunsa, rabinsa a ɓare.

"Sa, ba ni wancan."

Ya miƙa mata. Ta jefa shi ciki.

"Ashirin."

Liya ta rufe gwangwaninta ta rungume shi.

"Sauran in ka gama da su, ka aiko mana. A aji biyu Sharon za ta buƙaci ɗari."