Tartsatsi Mai Walda da Ɗansa Dogo

A layin masu gyaran mota kowa Tartsatsi yake ce masa, saboda walda da yake yi tun yana saurayi, da kuma bakinsa da ba ya riƙe magana. Shagonsa rumfar kwano ce, injin walda a gefe ɗaya, tulin rodi a ɗaya gefen. Duk rigunansa wuta ta huhhuda su, idanunsa kullum jajur. Ƙofofi da tagogi yake yi, kuma yana alfahari da su. "Ɓarawon da ya ɓalle ƙofata," in ji shi, "ku kawo min shi in ɗauke shi aiki."

'Ya'yansa mata uku ne da namiji ɗaya, wanda ake kira Dogo don tun bai gama girma ba ya kere uban tsawo. Yaro ne mai surutu da son ƙwallo. Yana shekara goma sha biyar suka hau babur da abokinsa, mota ta kwashe su a mahaɗar titi. Abokin ko shurawa bai yi ba. Dogo ya karye a cinya, aka yi masa aiki, aka ba shi ƙwayoyin kashe zafi. Duk mai zuwa dubiya ƙafar yake tambaya, shi kuma ya ce da sauƙi. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake gani in ya rufe ido.

Ƙafa ta warke, amma Dogo bai dawo yadda yake ba. Ya daina ƙwallo, ya daina magana, yana wuni kwance fuska ga bango. Sai dutsen guga ya ɓace a gidan, sai wayar yayarsa. Ran nan uwar tana shara ta ɗaga tsohon takalmin makarantarsa, ta tarar cikinsa cike da fankon ƙwayoyi.

Tartsatsi ya yi faɗa, ya yi duka, ya kai har da rantse-rantse. Kamar ana zuga yaron. Da abin ya ishe shi sai ya koma ga abin da hannunsa ya iya. Ya auna ƙofar ɗakin Dogo, ya ƙera ta ƙarfe mai ƙaramar taga ta miƙa abinci, ya kafa ta da kansa.

"Baban Dogo," in ji matar, tana tsaye riƙe da bakin zaninta, "ɗa ne fa, ba kayan shago ba."

"Shi ya sa. Kayan shago in sun ɓace ina samun wasu."

Ya tura yaron ciki, ya datse, ya jefa makulli a aljihu. Da farko Dogo ya yi ta roƙo, daga baya ya koma zagi, daga baya kuma shiru. Uban ya ce wa matar, "Kin gani? Ya fara hankali."

Wata rana da azahar ƙanwar Dogo ta ji wani abu yana bugun ƙasa a ɗakin. Ta leƙa ta tagar, ta ga yayanta a ƙasa yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Aka ruga aka kira uban daga shago. Ya iso, ya murɗa makullin da ƙarfi, makullin ya karye a ciki. Maƙwabta suka sa kafaɗa, suka sa rodi, ƙofa ko gezau. Dole ya koma a guje ya ɗauko injin yankan ƙarfe. Ya durƙusa yana yanke hinjin da ke riƙe da ƙofar, wuta na fallatsa cikin ɗakin da ɗansa ke kwance, uwar na bayansa tana kiran yaron ba ya amsawa.

A asibiti Dogo ya farfaɗo. Likitar da ta duba shi, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da iyayen. Ta ce jikin da ya saba da irin waɗannan ƙwayoyin, in aka yanke masa su farat ɗaya, yana iya kaiwa ga mutuwa. Ta ce ba ƙwaya kaɗai ke damun yaron ba, akwai ciwon damuwa, kuma ya faɗa mata shi ne ya matsa wa abokin su hau babur ɗin, yana ganin shi ya kamata ya mutu.

"Damuwa?" in ji Tartsatsi. "Me ya rasa a gidana?"

"Bai rasa abinci ba, Baba," ta ce. "Wanda zai gaya wa ya rasa."

Aka mayar da Dogo sashen masu fama da shaye-shaye. A can akwai wani ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, inda iyaye ke haɗuwa duk mako. Tartsatsi ya ce shi ba zai je ya tona wa kansa asiri a gaban baƙi ba. Matar ta yi ta zuwa ita kaɗai, har ranar da ya raka ta da niyyar jira a waje, rana ta kore shi ciki. Ya zauna kusa da ƙofa. Wani direban bas ne ke magana, ƙato mai furfura, yana cewa shi da igiyar shanya ya ɗaure nasa ɗan a jikin gado. Ba wanda ya yi masa kallon banza. Da aka zo kan Tartsatsi, mutumin da ba a rufe masa baki, sai ya ce, "Ni walda nake yi," ya kasa ƙarasawa. Direban ya miƙo masa ruwa.

Daga nan bai ƙara fashi ba. A ɗakin ya koyi cewa tsawa ba ta shiga kunnen da ƙwaya ta toshe, kuma komawa ruwa bayan magani ba abin mamaki ba ne.

Da aka sallami Dogo ya yi ƙiba, ya fara bin uban shago. Wata rana suna fentin taga, Tartsatsi ya daure ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Kana tuna abokin nan naka?"

"Kullum, Baba."

Suka ci gaba da fenti. Uwar ta ce a watannin nan ne kawai ta yi barci da ido biyu rufe.

Bai ɗore ba. Dogo ya koma wa ƙwaya, aka sake kwantar da shi, ya haura katanga ya gudu. Aka gano shi a bayan tashar manyan motoci, cikin wasu samari masu kwana a ƙarƙashin matattun tireloli. Uwar ta kamu da hawan jini. 'Yan matan suka daina ambatonsa a gaban baƙi.

Tartsatsi bai kama shi da ƙarfi ba. Kafin ya buɗe shago yakan biya ta tashar da abinci da wankakkiyar riga, ya zauna a kan tsohuwar taya har yaron ya ci. Wani lokaci Dogo yakan ce, "Baba, mako mai zuwa zan koma asibiti." Uban ya ce, "Allah ya kai mu. Likita ta ce duk ranar da ka shirya, in kawo ka."

Da damina ta kama, wata safiya ya je bai same shi ba. Samarin suka ce sun ga ya hau bayan wata mota mai zuwa nesa, ba su san ina ba. Ya zagaya tashar, yana leƙa ƙarƙashin kowace tirela, ruwa na jiƙa shi. Daga ƙarshe ya je wurin mai gadin tashar, ya miƙa masa rigar a cikin leda.

"In ya dawo ka ba shi. Ka ce babansa ya zo."

"In ce ka ce me?"

"Kada ka ce na ce komai. Ka dai ce na zo."

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya nufi shago, don akwai mai gini da ke jiran tagoginsa tun jiya.