Kunnen da Na Baro a Ɗakin Inji

Na dawo Maiduguri daga aikin jirgin ruwa bayan samun 'yancin kai, kunnena na hagu a mace, na dama yana ƙugi kamar injin yana nan a ciki. Shekarun da na yi a ƙasan jirgi ina zuba gawayi a tukunyar wuta su suka cinye su. Ban gaya wa kowa ba. Yayana ya sa ni cikin dillancinsa a Kasuwar Shanu, na koyi kallon leɓen mutane ina gyaɗa kai.

A unguwarmu Abbaganaram kuwa magana ta bazu cewa wanda ya ga teku ya daina amsa gaisuwa. Surukina, dattijo Babarbare, ya sha ce mini "wushe", wato sannu, daga baya ina wucewa abina. Har ya daina aiko mana da kifin Baga.

Wata ranar Laraba wani matashin likita daga Ikko ya yi sallama a zaurenmu. Yana bin tsofaffin ma'aikatan jirgi ne gari gari, yana duba abin da aikin ya yi wa jikinsu. Aka yi rashin sa'a surukina yana zaune, ya zo wajen yayana.

Likitan ya nuna rigata da hannu, na gane so yake in tuɓe. A gaban suruki! Na so ƙasa ta tsage in shige. Na cire, tabon ƙuna duk ya bayyana daga kafaɗa har ciki. Dattijon ya kau da kai.

Sannan likitan ya koma bayana. Na zauna ina jira ya fara. Sai na ga yayana ya dafe baki. Ashe tuni likitan yake ta kiran sunana daga baya.

Surukina ya taso, ya durƙusa daidai kunnena na dama, ya ɗaga murya da Hausarsa mai nauyi.

"Ɗana, tun yaushe?"

"Tun a jirgi, Baba."

"Ka bar ni ina ɗaukar alhakinka?"

Na kasa ɗaga ido. Ya ɗauki rigar da kansa ya rufa mini.

Likitan ya ce kunnen ba zai dawo ba, amma zai rubuta a tilasta wa masu jirage ba ma'aikata abin toshe kunne. Ban san ko an yi ba. Ni dai na fi wata ina zagayawa ta bayan masallaci don kada mu haɗu da dattijon, har sai da matata ta yi fushi ta ce mahaifinta yana cigiyata.